Malam Abdullahi na Gwandu da Waƙoƙinsa

Filin wannan mako zai kawo tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu Mujaddadi kuma wazirinsa, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu. Jama'a sun san shi da tafsiri da fiƙihu da jagorancin runduna, amma kaɗan ne suka lura cewa mawaƙi ne na gaske, wanda ya zuba murnarsa da fushinsa da baƙin cikinsa a cikin baitoci. Har ila yau bai bar waƙoƙin nan kara zube ba. A shekarar 1813 ya tattara wasu daga cikinsu a littafin da ya kira Tazyinul Waraƙati, ya riƙa faɗin dalilin kowace waƙa da halin da ake ciki sa'ad da ya yi ta. Saboda haka wanda ya bi rayuwar wannan malami zai koyi tarihi, ya kuma koyi yadda ake fahimtar waƙar malamai.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Malam Abdullahi wajen shekarar 1766, watau 1180 ta Hijira, a gidan malamai na Toronkawa, Shehu Usmanu ya girme shi da kamar shekara 12. Ya yi karatun Alƙur'ani a hannun mahaifinsu Malam Muhammadu Fodiyo, da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi ga wansa Usmanu. Shi da kansa ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusuhi. A nan ya nuna cewa a wurin Shehu ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala a fannin fiƙihu, da Ajurumiyya a fannin nahawu, da littattafan Sanusi a fannin tauhidi, da tafsirin Alƙur'ani. Daga baya ya sha karatu a wurin Malam Jibrila ɗan Umaru, ya kuma saurari Sahihul Buhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji.

Abin lura a cikin wannan lissafi shi ne yawan littattafan waƙa. Tun yana yaro Shehu ya karantar da shi Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus wanda ya rasu a 1230, da Witiriyya, dukansu na yabon Annabi ne. Sa'an nan ya karantar da shi waƙoƙin mawaƙan Jahiliyya shida, su ne Imru'ul Ƙaisi da Nabiga da Alƙama da Zuhairu da Ɗarafa da Antara. Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mai wa'azi da waƙoƙin mutanen da suka rayu kafin Musulunci? Amsa ita ce, Alƙur'ani ya sauka ne da harshen Larabawan nan, kuma tun zamanin Abdullahi ɗan Abbas malamai suna komawa ga waƙoƙinsu don warware baƙin kalmomi. To, wannan karatu ya ba Malam Abdullahi abu biyu: tarin luga da ya yi tafsiri da ita, da kunnen da ke rarrabe muryar yabo da ta kuka da ta gargaɗi.

Alamar wannan tarbiyya ta fito fili a ƙasidar da ya yabi Malam Jibrila da sauran malamansa, wadda ƙafiyarta harafin jimun ne. Ya buɗe ta kamar yadda tsofaffin Larabawa ke buɗewa, da tsayawa a kufan masoya ana tuna waɗanda suka tashi. Wanda bai san al'adar ba sai ya zaci malamin yana begen wata mace ce. Alhali kuwa wannan ƙofar shiga ce kawai da mawaƙa suka gada, ana tausasa zuciyar mai sauraro da ita kafin a zo ga manufa. Ka'abu ɗan Zuhairu ma da irin wannan ya buɗe ƙasidarsa a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ya sami kyautar mayafi. Masoyan da Malam Abdullahi ke nufi su ne ma'abota ilmi, kufan kuwa wuraren karatu ne.

Waƙa a fagen wa'azi

Shehu ya fara yawon wa'azi wajen 1774, ƙanensa yana biye da shi zuwa Kabi da Zamfara. Daga cikin abin da Malam Abdullahi ya fara tsarawa akwai tahamisin ƙasidar Shehu ta begen Annabi mai ƙafiyar dalun. Tahamisi shi ne mutum ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti na wani, baitin ya zama mai ɗango biyar, ba tare da ya ɓata kari ko ma'ana ba. Wannan aiki ba ya yiwuwa sai ga wanda ya shiga zuciyar mai waƙar, ya ji irin shauƙin da ya ji. Watau tun farkon lamarinsa Malam Abdullahi da fahimtar waƙar wani ya fara kafin ya saki tasa muryar.

Wajen 1786, suna wani gari da ake kira Daura a ƙasar Zamfara, sai wani malamin Barno mai suna Mustafa Gwani ya aiko wa Shehu da baitoci yana sukar yadda mata ke halartar wa'azinsa tare da maza. Shehu ya umarci Abdullahi ya ba shi amsa. Ya amsa da waƙa, a kan kari da ƙafiya irin na mai sukar. Abin sha'awa a amsar nan shi ne ladabinta. Ya fara da karɓar malamin a matsayin mai nasiha, sa'an nan ya kore zargin cakuɗa, sa'an nan ya kafa hujja cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi fitowarsu neman ilmi muni, domin lalura tana da hukuncinta. Saurayi ne ɗan shekara 20 da 'yan kai, an taɓa malaminsa kuma wansa, amma bai bar zafin ƙuruciya ya rinjayi harshensa ba.

A farkon shekarun 1790 kuma ya ga mutane daga ko'ina suna tururuwa wurin Shehu, amma yawancin danginsu sun ja baya. Sai ya tsara wata ƙasida mai ƙafiyar ha'un ya aika wa malaman kabilarsu. Muryarta ta zargi ce, amma zargin ɗan'uwa mai jin ciwo, wanda ke tsoron kada alheri ya tashi a gidansu baƙi su kwashe. Da ta isa gare su sai ta yi aiki, malamai da dama suka tashi suka kama wa Shehu. Daga cikinsu akwai amininsa Malam Mustafa ɗan Alhaji Usmanu, wanda daga baya ya yi wa marsiyya sa'ad da ya rasu.

Ranar murna da ranar kuka

A watan Fabrairu na 1804 jama'a suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu saboda matsin Sarkin Gobir Yunfa. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, Malam Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. A watan Yuni na shekarar aka gwabza a Tabkin Kwatto, shi ne kuma ya jagoranci rundunar jama'a. Gobirawa sun fi su dawaki da kayan yaƙi nesa ba kusa ba, amma aka kore su, Yunfa ya tsere. Waƙoƙin da ya yi a kan wannan rana cike suke da godiya ga Allah da alfahari da jama'a da yi wa Yunfa dariyar gudunsa, ya kuma kwatanta ranar da ranar Badar. Kwatancin nan shi ne mabuɗin fahimtarsu. Murnar da ke ciki ta mutanen da aka kora daga gidajensu ce, 'yan kaɗan marasa ƙarfi, waɗanda suka wayi gari suka ga ba a shafe su ba.

Murnar ba ta daɗe ba. A ƙarshen 1804 aka yi wa jama'a mummunar ɓarna a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, inda littattafan jihadi suka ce an rasa kimanin mutum 2,000, daga cikinsu 200 mahaddata Alƙur'ani ne. A 1805 Malam Abdullahi ya jagoranci yaƙin Kabi aka ci Birnin Kabi, jama'a suka koma Gwandu da zama. Kafin shekarar ta ƙare sai ga Alwasa. A kan hanyar zuwa wannan yaƙi wasu daga cikin runduna suka afka wa mutanen da ke da amana da jama'a suka washe su, shugabanni suka hana ba a ji ba. Da aka haɗu da abokan gaba sai aka karya rundunar, aka rasa mutane masu yawa.

Daga nan muryar Malam Abdullahi ta sake. Waƙoƙinsa na wannan lokaci na makoki ne, kuma abin da yake kuka a kai ya wuce rashin mayaƙa. Waɗanda suka kwanta a filayen nan abokan karatunsa ne, mutanen da suka san dalilin da ya sa aka fito. Yakan yabe su da ilmi da tsoron Allah da karamci da haƙuri, kuma kowace siffa da ya ambata tana nuni da abin da yake ganin ya yi ƙaranci a wurin waɗanda suka rage. Haka marsiyyar malamai take, rabinta kuka ne ga mamaci, rabinta wa'azi ne ga mai rai. Duk da zafin rashin, ba a samun jayayya da hukuncin Allah a cikinta. Yana mai da laifin karyewa ga saɓon da aka yi, yana kuma sa ran rahama ga waɗanda suka tafi.

Tafiyarsa zuwa Kano

Wajen 1807, a shekara ta huɗu bayan hijira, runduna ta tashi zuwa Alƙalawa, Malam Abdullahi yana ciki. A hanya zuciyarsa ta ƙi. Ya dubi yadda son duniya ya shiga jama'a, sai ya yanke shawarar barin ƙasa da dangi ya nufi gabas zuwa Makka da Madina. Ya sulale da mutum biyar, suka bi daji kwana da kwanaki.

A kan wannan al'amari ya yi ƙasidarsa mai ƙafiyar ba'un, wadda ta fi sauran waƙoƙinsa ɗaci. Jigonta shi ne mutanen kirki sun shuɗe, an bar shi a cikin waɗanda bakinsu ya saɓa wa aikinsu, masu neman mulki da muƙami don jin daɗi, masu tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado da dawakin hawan gari, waɗanda suka bar masallaci da makaranta. Wasu masu karatu sukan ɗauki wannan waƙa su ce ai ga shaida, Abdullahi ya yi nadamar jihadi. Wannan gajeren karatu ne. Ma'aunin da ya auna mutanen da shi, shi ne abin da Shehu ya yi kira gare shi tun farko. Wanda ya fid da rai daga abu ba ya jin zafi in an ɓata shi, mai kishinsa ne ke ji. Kuma a bayanin da ya rubuta game da waƙar bai tsame kansa ba, ya nuna cewa yana tsoron abin ya shafe shi shi ma, shi ya sa ya nemi tsira da addininsa.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. Da ya isa Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen gari suka tsare shi suka roƙe shi ya koya musu yadda za su tsai da shari'a. Ya ga irin abin da ya gudo dominsa yana nan a Kano ma. Maimakon ya wuce sai ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan tsarin mulki da shari'a da haƙƙin talakawa a kan shugabanni, ya kuma karanta musu tafsirin Alƙur'ani. Ya ba da labari cewa sun tuba, har suka mai da gangunansu akussan dawaki. Daga nan ya koma gida. Ke nan abin da ya faɗa da kuka a waƙa, shi ne ya mayar doka a littafi. Wanda ke son fahimtar ƙasidar ba'un sai ya karanta ta tare da Liya'ul Hukkami.

Boɗinga da Gwandu

Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa biyu, gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello, yamma a hannun Malam Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga kusa da Sifawa inda Shehu yake. A wannan zama ne ya sami sukunin rubutu. Ya gama Tazyinul Waraƙati a 1813, sa'an nan ya gama babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili wajen 1816, wanda aka buga a Alƙahira cikin juzu'i huɗu a 1961. Daga baya ya yi wani tafsiri taƙaitacce, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, don ɗalibai. Ya tsara nahawu a waƙe cikin Baharul Muhiɗi, da sarfu cikin Hisnur Rasin, ya kuma yi rubutu a kan aruli da ƙafiya, watau ilmin awon waƙa.

Akwai dangantaka tsakanin aikinsa na tafsiri da yadda ya tsara Tazyinul Waraƙati. Mai tafsiri ya san cewa sanin dalilin saukar aya yana haskaka ma'anarta. Maganar Allah ta fi ƙarfin a kwatanta ta da maganar bayi, amma ɗabi'ar bincike ɗaya ce, kuma da ita ya bi waƙoƙinsa: ga shekara, ga wuri, ga abin da ya faru, sa'an nan ga waƙa. Shi ya sa littafin ya zama ɗaya daga cikin manyan madogaran tarihin jihadi, har Baturen nan Mervyn Hiskett ya buga shi da fassarar Turanci a Ibadan a 1963.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo masa a 1817 da Shehu ya rasu a Sakkwato. Yana ganin shari'a ta fi son a zaɓi shugaba ta hanyar shawara bisa cancanta, ya kuma sha yin gargaɗi a kan mai da shugabanci gadon sarauta. Kafin ya iso daga Boɗinga an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, ya tarar da ƙofar gari a rufe. Bai ɗaga takobi ba, ya juya ya koma Gwandu. Aka yi 'yan shekaru da sanyin zumunci tsakaninsa da ɗan wansa, har lokacin da tawayen Kalambaina ya tsananta a kansa, Bello ya taho da runduna ya taimake shi aka ci garin wajen 1821. An ruwaito cewa da suka haɗu Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, sai Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Bayan wannan ya bar yawancin harkokin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya duƙufa ga karantarwa da rubutu. Ya rasu a Gwandu a 1829, watau 1245 ta Hijira, a can kabarinsa yake. Nana Asma'u 'yar Shehu tana cikin waɗanda suka yi masa marsiyya.

Abin da mai karatu zai riƙe

Rayuwar wannan malami tana koyar da ƙa'idoji uku ga duk mai son fassara waƙar magabata. Ta farko, a nemi sababin waƙa kafin a yanke mata ma'ana. Baitin da aka yi ranar Tabkin Kwatto da wanda aka yi bayan Alwasa bakin mutum ɗaya ne ya faɗe su, amma wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya zai ba da rabin shaida. Ta biyu, a rarrabe abin da al'adar waƙa ta gada da abin da mawaƙi ya zo da shi. Kufai da raƙuma da hamada gado ne daga Larabawa, amma sunayen Gudu da Kwatto da Alwasa nasa ne, kuma a nan zuciyarsa take. Ta uku, a saurari murya a tambayi inda ta dosa. Zafin harshe yakan fito daga ƙiyayya, yakan kuma fito daga kishi, ana gane bambancin ne daga abin da mai maganar ya aikata bayan ya yi shiru.

Rashin kiyaye waɗannan ƙa'idoji ba ƙaramar hasara ba ce. Sau da yawa akan ji mai wa'azi ko ɗan siyasa ya tsinko baiti guda na wani malami ya jefi abokin hamayyarsa da shi, alhali mai baitin da kansa ya fara yi wa faɗa. Ta haka ake mai da maganin zuciya makamin husuma.

Waƙoƙin makokin Malam Abdullahi kuwa ba su tsufa ba. Mutanen Wagini da sauran garuruwan Batsari da Safana a yammacin Katsina, waɗanda suka binne 'yan'uwansu suka kuma bar gonakinsu saboda hare-haren ɓarayin daji a shekarun 2019 da 2020, ba su bukatar dogon sharhi kafin su gane muryar mutumin da ya ƙirga abokansa ya ga babu. Abin da za su samu a wurinsa shi ne yadda mumini ke kuka ba tare da ya yi wa Ubangijinsa tsiwa ba, da yadda yake faɗa wa masu iko gaskiya a kan amanar talakawa ba tare da ya rushe jama'a ba. Masu riƙe da mulki kuma, a kowane mataki, suna da madubi a ƙasidar da ya yi a hanyar Kano.

Allah ya jiƙan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Shehu Usmanu da Sarkin Musulmi Bello da sauran malaman da suka raya addini a wannan ƙasa, ya haskaka kaburburansu, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.